Bakacen Dare a Tibilisi

A ƙasan wani tsohon gini a Tibilisi,
inda danshin kogin Kura ke lasar bango,
Merab ya kunna na'ura da magariba.
Ya ce mata: faifai dubu goma sha ɗaya
duk an juye su a cikinki.
Saurara. Ni na tafi sayen burodi.

Ba ta gyangyaɗi, ba ta neman shayi.
Da can da faifai ake bakace tsaba,
yau faifan ne ake bakacewa.
Nan allura ta yi tuntuɓe, ƙas!
Nan zare ya tauye, murya ta nutse ta ɓullo.
Nan ganga ta bugi rufi ta dare.
Nan kunnen hagu ya mutu,
na dama na ta zuba shi kaɗai.
Kowace tsakuwa ta ɗiga mata ja.

Da safe Tsiyala ta sauko matakala
da gwiwa mai ƙara da rumman a jaka.
Shekara talatin da tara tana ɗakin nan,
tun ana ɗinke zare da reza da salatif.
Ta dubi allo: ja, ja, ja, kamar ƙyanda.
Ɗari bakwai da sittin da biyu.
Ta ce, a kawo na farko.

Na arba'in da ɗaya: giɓi, sakan shida.
Na'ura ta rubuta, sauti ya ɓace.
Maza uku ne daga ƙauyen kan dutse
suna kukan wanda ƙanƙara ta binne,
muryoyi uku a tufke kamar igiya.
Sai tsit.
Tsiyala ta danne abin ji a kunne,
ta ƙure ƙara.
Can ƙasa, ƙarƙashin shuuu na zare,
wani na haɗiyar yawu.
Wani ya ja hanci. Kujera ta ce ƙiii.
Ba abin da ya ɓace, Merab.
Na tsakiyar ne ya kasa,
sauran biyun jiransa suke.
Goge jan nan. Shiru ma magana ce.

Ya goge. Ya ce, kin ci ɗaya.

Rana ta yi tsaka, suka kai na ɗari uku da tara.
Wannan ta san shi kamar yunwar cikinta.
Da hannunta ta rubuta a bayan kwali:
wani tsoho, ba suna, waƙar raino.
Murya mai kauri, mai jan ƙafa, da tari a ƙarshe.
Na'ura ba ta kula tsoho ba.
Gurnanin lantarki ta bi,
wanda ya laɓe a zare tun ranar ɗauka,
ta ce ya faɗi ƙasa da rabi:
ba da wannan gudun aka ɗauki waƙar ba.

Merab ya murɗa.
Murya ta miƙe tsaye,
ta zubar da gemu, ta zubar da furfura,
ta karkaɗe shekara sittin daga kafaɗa.
Yarinya ce.
Tana jijjiga ƙaninta da gaggawa,
ga alama ana jiranta wasa a waje.
Tarin nan kuwa dariya ce.

Tsiyala ta cire tabarau, ta daɗe tana gogewa.
An ce kunne ya girmi kaka,
ga kunnen da aka haifa bara
ya maido da jika.

Ta ɗauki fensir, ta soke tsoho,
layi ɗaya, yadda za a ga kuskuren nata ne.
Ta fasa rumman, ta miƙa wa Merab rabi,
ja ya ɓata mata yatsu.
A sama motar haya ta wuce, bango ya girgiza.
Ta ce, saura ɗari huɗu da hamsin da uku.
A kawo na gaba.